Yadda Ake Haɗa 'Yan Dakon Soja Na Wasan Yaƙin Tebur, Da Yadda Ake Tafiyar Da Yaƙin Dogon Zango Da Su

Tun ranar da na sa hoton ayarin 'yan dakon da muka jera a teburinmu na Agege, saƙo bai yanke ba. Wani ya tambayi inda ake sayar da su a Legas, wani ya ce nawa ne, wani kuma ya ce shi 'yan sojojinsa sun haura ɗari amma bai ga amfanin mutumin da ba ya harbi ba. Ban taɓa cin karo da su a shago a garin nan ba, haɗa su muke yi da hannu. Shi kuwa mai tambayar amfaninsu, ya daure ya kai mataki na tara, lissafi zai ba shi amsa.

Abu ɗaya nake so a riƙe tun daga nan. A yaƙin Kamaru, da na Gabashin Afirka, da na Bama, a kan ɗan Adam abinci da harsashi suka yi tafiya. Teburin da aka cika da masu bindiga babu mai kaya ko ɗaya bai nuna yaƙin da aka yi ba. Saboda haka a wannan jagora 'yan dako ake fara haɗawa, sojoji su biyo baya.

1. Zaɓi yaƙi ɗaya ka tsaya a kansa

Kada ka sayi komai sai ka yanke wannan shawara, domin tufafi da kaya da launin ƙasa duk sun dogara da ita. Uku ne suka fi kusa da mu.

Akwai Kamaru, 1914 zuwa 1916. Rundunar da ta tashi daga Yola ta kai wa Garwa hari a ƙarshen Agusta 1914 aka koro ta, garin bai faɗi ba sai Yuni 1915, dutsen Mora kuwa sai Fabrairu 1916 ya miƙa wuya. Akwai Gabashin Afirka, inda birged ɗin Nijeriya ƙarƙashin Janar Cunliffe ya sauka Darussalam a Disamba 1916, ya sha yunwa a yankin kogin Rufiji cikin daminar 1917, ya gwabza a Mahiwa a Oktoba na shekarar. Sai Bama, 1944 zuwa 1945, inda runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma ta bi kwarin Kaladan, ta 82 kuma ta bi Arakan. Mazaunin Legas yana wuce sunayen wuraren nan kullum ko bai lura ba: barikin Dodan a Ikoyi, barikin Myohaung da na An a Yaba, barikin Arakan da na Tamandu a Apapa.

Ga mai farawa, Yola zuwa Garwa nake ba da shawara. Hanyar gajera ce, ƙasar irin wadda idonmu ya saba da ita ce, ga kogin Binuwai yana ba da zaɓi tsakanin jirgi da ƙafa. Rufiji ta fi kowace koyar da darasin yunwa, amma tana karya wa sabon ɗan wasa gwiwa.

Gargaɗi: kada ka gauraya zamani. Ɗan dakon 1915 da na 1944 ba shigarsu ɗaya ba, kuma na Bama jirgin sama ne ke jefo masa kayan da zai ɗauka.

2. Tsayar da girma da adadi

Girma biyu ne suka dace da mu. Akwai 1:72, wanda mutum ɗaya tsayinsa bai wuce milimita 25 ba, yawanci na roba mai laushi, kwali ɗaya yakan zo da mutum arba'in ko fiye. Akwai kuma na milimita 28, mai kauri da kyan gani, amma ya fi tsada kuma ya fi cin wuri. Wanda ke zaune a ɗaki ɗaya a Idi-Araba ko Obalende ya ɗauki 1:72, domin ayari gaba ɗaya zai shige gwangwanin biskit biyu.

Ƙa'idar da muke bi ita ce mutum-mutumi ɗaya a madadin mutum 10, kuma ana ɗora huɗu a kan mazauni ɗaya, wato mazauni ɗaya mutum 40 ke nan. Kamfanin soja mazauni uku ne. Don wasan farko ka nufi mazaunin 'yan dako 8 (mutum-mutumi 32), heluma biyu, wato shugabannin 'yan dako, kowa a nasa ɗan mazaunin, da kamfanin soja biyu a kowane ɓangare. Za ka ga kamar 'yan dakon sun yi yawa. Ba su ma isa ba.

Akwai 'yan'uwa a cikinmu da ba sa son ajiye siffar mutum a gida, kuma ba sa taɓa ƙwayar ludo. Ba a tilasta wa kowa. Guntayen katako masu launi da lamba suna yin aikin mazauni tsaf, da irinsu ma hafsoshin Furushiya suka riƙa wannan wasa a kan taswira tun 1824. A madadin ƙwayar ludo a yanka kwali shida, a rubuta 1 zuwa 6, a riƙa zarowa daga cikin hula. Wanda ya zaɓi haka ya tsallake zuwa mataki na takwas. Kuɗi dai ba a sa shi a teburinmu ko na sisi.

3. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Mutum-mutumin ne kaɗai sai an yo odarsu daga waje ko an roƙi matafiyi. Wargames Foundry suna da 'yan dako na ƙarfe a girman 28, Perry Miniatures kuma suna da kwalayen Zulu da na Ansar ɗin Sudan na roba mai tauri, waɗanda jikinsu ya dace a mayar da su masu kaya. A 1:72 nemi kowane kwali mai mutane da gajeren wando ko zane, ƙafa ba takalmi. Kuɗin aikowa da na kwastan sau da yawa yakan kai kuɗin kayan ko ya ɗara, kuma duka biyun dala suke bi. Ku haɗu mutum uku ko huɗu ku yi oda ɗaya. Wanda ke da mai injin ɗab'i na 3D a kusa zai iya buga su a nan, amma ya tabbatar an wanke su an gasa su da haske sun bushe ƙayau kafin ya karɓa, domin ɗanyen rezin yana cin fata.

Sauran duk a nan suke. Fentin akirilik da buroshi, shagunan kayan zane na kewayen kwalejin fasaha ta Yaba. Gam ɗin ifoksi mai haɗi biyu, da sufa gulu, da fentin feshi, da washa ta ƙarfe, Ladipo ko kowane shagon kayan gini a Mushin. Farin gam na kafintoci irin Top Bond, ko'ina. Wayar tagulla siririya kuwa, roƙi mai gyaran fanka ya ba ka tsohon koyil. Ƙara da reza mai mariƙi, ƙaramar filaya, samfefa mai laushi, allura, tsinken sakace, ashana, zaren ɗinki da tishu.

Inda ba a yin rowa wuri biyu ne: buroshi ɗaya mai kaifin baki, da ƙullin ifoksi mai jinkirin bushewa irin Milliput. Fenti launi bakwai ya isa: fari, baƙi, ruwan ƙasa mai duhu, ja-ja irin na jar ƙasa, kaki, rawaya mai duhu da kore. Sayen launi talatin tun farko shi ne babban wurin da sababbi ke zubar da kuɗi.

4. Wanke, yanke, ɗaga hannu

Zuba su cikin ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke kwano, ka goge da tsohon buroshin haƙori. Akwai maiƙon masana'anta a jikinsu, idan bai fita ba fenti zai riƙa ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Bar su su bushe.

Yanke mashi da garkuwa da bindiga. Ka riƙa tura reza nesa da yatsanka, a kan katako, ba a kan cinya ba. Roba mai laushi ba ta son samfefa, gashi take yi, don haka da sabuwar reza ake share ta sau ɗaya.

Sai ɗaga hannu. Tsoma mutum-mutumin cikin ruwan zafi kamar daƙiƙa ashirin, ka fito da shi da filaya, ka lanƙwasa hannun sama, nan take ka tsoma shi a ruwan sanyi yana riƙe a haka. Idan hannun ya ƙi, yanke shi daga kafaɗa, ka huda da allura mai zafi, ka sa guntun waya a tsakani, sannan ka mayar.

Gargaɗi: sufa gulu shi kaɗai ba ya riƙe roba mai laushi. Duk abin da ba ka sa wa waya ba zai faɗi a wasan farko. Idan kuwa na ƙarfe kake aiki da su, wasu akwai dalma a ciki. Wanke hannu kafin cin abinci, kuma kada yara su kai su baki.

5. Gammo da kaya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake gane wanda ya kalli ɗan dako da wanda ya yi zato.

Ayarina na farko duk na yi su hannu biyu a sama suna tallafe da kaya, kai a sunkuye. Na kai wa wani dattijo da ya daɗe yana dako a kasuwar Mile 12 guda uku ya duba. Ya juya su a tafinsa ya ce, "Ɗana, wannan ai wuyansa zai karye kafin Azahar." Na ce, "To Baba, yaya ya kamata?" Sai ya miƙe ya nuna mini: wuya a tsaye, haɓa a ɗan ɗage, ido ne ke kallon ƙasa ba kai ba, hannu ɗaya a gefen kayan, ɗayan yana lilo ko yana riƙe da sanda. Wanda ya saba ma yakan saki duka biyun. Na koma na sake su gaba ɗaya. Ka je Mile 12 da sassafe ka tsaya ka kalla, amma ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa.

Fara da huda tsakiyar kai da allura, ka dasa waya ta fito kamar milimita 4. Ita ce za ta riƙe gammo da kaya. Gammon kuwa, murza ƙullin ifoksi ya zama siriri kamar taliya, ka naɗe shi zobe a gindin wayar, ka ɗan ja masa layi da bakin allura ya yi kamar tsumman da aka murɗe. Kada ka tsallake shi don ƙanƙantarsa. Tambarin runduna ta 82 ma mashi biyu ne a gicciye a kan gammo, kamar yadda na ta 81 yake baƙin gizo a kan rawaya.

Kayan kuwa iri-iri ne, kuma kyan ayari shi ne kada su zama ɗaya.

Akwatin harsashi ko na biskit: yanka katako mai laushi ko ka manna ashana uku gefe da gefe. Akwatin da tsawonsa santimita 60 ne a zahiri, a 1:72 milimita 8 ne, a girman 28 kuma kamar 11. Yi wannan rabawar kafin ka yanka, domin kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗora wa mutum akwatin da ya kai girman firji. Kayan mutum ɗaya a yaƙin duniya na farko wajen kilo 25 zuwa 27 ne, ba buhun siminti biyu ba.

Buhun shinkafa ko na dawa: dunƙula ifoksi kamar ƙwayar wake, ka danna shi a kan gammon tun yana ɗanye domin gefe biyun su ɗan zubo ƙasa. Buhun da ya tsaya a miƙe kamar bulo ba hatsi a cikinsa. Danna tsohon ƙyalle a kansa ya bar shatar saƙa, ka tsuke bakinsa da zare.

Bargo da tanti: jiƙa tishu da farin gam da aka tsinka da ruwa, ka naɗe, ka ɗaure wuri biyu da zare. Garwar kananzir ko ta ruwa: ɗan katako mai kusurwa huɗu, tsayin milimita 5. Tulu da ƙwarya: dutsen ado zagayayye.

Ka ware mutum shida ko takwas don kaya masu nauyi. Ƙaramar igwar dutse mai bakin inci 2.95 da sojan Nijeriya suka yi aiki da ita a yaƙin farko kwance ta ake yi gunduwa-gunduwa, mutane su ɗauka. Tsinken sakace a kafaɗun mutum biyu, da guntun bututun biro a rataye, ya ba ka bututun igwa. Haka za ka yi makarar ɗaukar majinyaci da waya biyu da tishu. Kowane mutum ka ba shi ɗan ƙunshin kansa a kugu ko a baya, da gora, wasu da adda, domin bayan kayan gwamnati yana ɗauke da nasa.

Gargaɗi: akwai ifoksin gaggawa na toshe tanki, wanda ke daskarewa cikin minti biyar, ga zafin Legas yana ƙara masa sauri. Idan shi ka samu, kwaɓa ɗan kaɗan na buhu ɗaya kawai. Riƙa jiƙa yatsa da allura da ruwa don kada ya manne, ka wanke hannu da zarar ka gama.

6. Mazauni

Yanka kwali mai tauri ko siririn filawud, milimita 20 a faɗi, 60 a tsawo, ka jera mutum huɗu ɗaya bayan ɗaya, domin a layi ɗaya ayari ke tafiya a daji. Manna washa biyu a ƙasa don nauyi, kuma don mayen ƙarfe ya kama su wajen ajiya. Shafa farin gam a sama, barbaɗa yashin da aka tankaɗe, ka dasa ciyawa da zaren igiyar rama. Rubuta lamba a ƙarƙashin kowane mazauni.

Gargaɗi: fesa wa washa fenti kafin ka manna, in ba haka ba tsatsa za ta fito cikin damina ɗaya. Kada kuma ka yi amfani da tsabar naira a madadinta, dokar Babban Banki ta 2007 ta hana wulaƙanta kuɗi.

7. Fenti

Idan roba mai laushi ce, fara shafa mata farin gam tsinkakke ka bar shi ya bushe, shi ke riƙe fenti. Sannan shafen farko, ruwan ƙasa mai duhu. In da feshi ne, a waje, daga nisan taƙi ɗaya da rabi, fesawa biyu marasa kauri.

Fata ita ce inda aka fi ɓatawa. Kada ka shafa baƙi tsantsa, mutum zai koma kamar gawayi, babu fuska babu tsoka. Shimfiɗa ruwan ƙasa mai duhu, ka haɗa shi da ɗan ja-ja ka taɓa goshi, hanci, kafaɗa, gwiwa da ƙwauri. Sauya haɗin daga mutum zuwa mutum, wani baƙi, wani wankan tarwaɗa, wani ja. Ayarin da aka tara daga ƙasashe daban-daban ba ya zama launi ɗaya.

'Yan dakon yaƙin farko ka ba su gauraye: tsohuwar taguwa fara da ta sha ƙura, rigar saƙi mai shuɗi, guntun kaki, bargo a kafaɗa, ƙafa ba takalmi. Na Bama kuwa sojoji ne cikakku masu lamba da kaki, kore irin na daji da malafa mai faɗi, da adda a kugu. Bayan launuka sun bushe, tsinka ruwan ƙasa mai duhu sosai ya zama kamar shayi, ka bi jikin gaba ɗaya, zai kwanta a lungu ya fito da siffa. Ƙura a ƙafa da gindin buhu ita ce ta ƙarshe.

Gargaɗi: kada ka fesa banish, wato ruwan da ke kare fenti, ranar da hadari ya haɗu ko iska ta yi nauyi da laima. Yakan bushe fari fat kamar an barbaɗa gari, aikin sati biyu ya lalace. A Legas na buroshi ya fi aminci, marar ƙyalli. Mai son feshi ya jira hunturu, ya fara gwadawa a kan mutum ɗaya.

8. Taswira da zango

Yaƙin dogon zango a kan taswira ake yinsa, tebur sai an yi arangama. Samo farin kwali babba ka zana koguna, duwatsu da garuruwa, ka haɗa su da hanyoyi. A kan kowace hanya sa ɗigo, kowane ɗigo zango ne na tafiyar yini ɗaya. Zagaye ɗaya na wasa kwana 5 ne, wato ayari yana cin zango 5 a hanya mai kyau, 3 a dutse ko fadama, 2 idan ruwa ya sauka. Sa alama a ma'ajin kowane ɓangare, inda jirgin ruwa ko na ƙasa ke sauke kaya.

Kwafi uku ake yi: ɗaya na kowane ɓangare, ɗaya na alƙali. Kowa ya rubuta umarninsa a takarda ya miƙa, alƙali ne kaɗai ya san inda kowa yake. A zaɓi alƙali mai haƙuri da riƙon sirri, wanda ba ya jin nauyin ce wa yayansa abincinsa ya ƙare.

9. Lissafin abinci

Tara ƙwallon dabino kamar ɗari biyu, ka wanke ka shanya. Bayan azumi ba ya wuya. Kada ka yi da wake ko masara, ƙwari za su cinye maka ma'aji. Ƙwallo ɗaya yana madadin kilo 100 na hatsi.

Mun sauƙaƙa lissafin haka: mutum yana ɗaukar kilo 25, yana cin kilo 1 a rana. Saboda haka mazaunin 'yan dako yana ɗaukar ƙwallo 10. Kowane mazauni kuma, na soja ne ko na dako, yana cin ƙwallo 2 a zagaye, domin ciki ɗaya ne. Kamfani mai mazauni uku yana cin 6.

To duba abin da ke faruwa. Kamfaninka yana nisan zagaye ɗaya daga ma'aji. Ayari ya taso da 10, ya ci 2 a hanya, ya ajiye 2 na komawa, ya sauke 6. Wannan abincin zagaye ɗaya ne, alhali zuwa da dawowa zagaye biyu ne, don haka mazauni biyu kake buƙata suna musaya, mutum 80 don ciyar da 120. Yanzu matsa gaba zuwa nisan zagaye biyu. Ayari ya ci 4, ya ajiye 4, ya sauke 2 kacal, kuma sai bayan zagaye huɗu zai sake zuwa. A cikin wannan lokaci kamfani ya ci 24. Mazauni 12 ke nan, mutum 480, don kamfani ɗaya. Nisa ya ninka sau biyu, 'yan dako sun ninka sau shida. A kwana na goma sha uku kuwa ɗan dako ya riga ya cinye abin da ya ɗauko, in aka haɗa da guzurin komawa. Ba a ma sa harsashi a lissafin ba, wanda shi ma kowane faɗa yana cin ƙwallo 2 ga kamfani.

Da zarar ɗan wasa ya ga wannan da idonsa, salon wasansa yakan sauya. Zai fara kafa rumbuna a tsakiyar hanya, ya bar soja suna gadi. Zai fara kwaɗayin kogi, ya gane dalilin da ya sa babbar igwar jirgin ruwan yaƙi da aka kai Garwa a 1915 ta Neja da Binuwai aka biyo da ita. Zai kuma gane cewa tare hanyar ayarin abokin gaba ya fi kai wa ganuwarsa hari.

Gargaɗi: kada alƙali ya yafe ƙwallo ko ɗaya don tausayi. Ranar da aka fara cewa a bar shi ya wuce, wasan ya koma na jera bindigogi.

10. Ciwo, gudu, da kujerar heluma

A ƙarshen kowane zagaye a jefa wa kowane mazauni ƙwaya. Idan ya ci cikakken abinci, 1 ce kaɗai ke cire masa mutum ɗaya. Idan rabin abinci ya ci, 1 da 2. Idan damina ce ƙara lamba ɗaya, idan an tilasta masa tafiyar da ta wuce ƙa'ida ƙara wata. Duk mutumin da ya fita, kayan mazaunin ya ragu da ƙwallo 2. Ana sa ɗan zoben zare a wuyan wanda ya fita don a gane. Majinyacin soja kuma sai an cire 'yan dako daga layin abinci sun ɗauke shi.

Wannan ba ƙari ba ne don wasa ya yi wuya. A Gabashin Afirka 'yan dakon ɓangaren Ingila da suka mutu sun kai wajen 95,000, mafi yawansu ciwo da yunwa ne suka kashe su. Unguwar Kariakoo a Darussalam da Kariokor a Nairobi daga sunan rundunar 'yan dakon suka samo suna. Da yawa kuma ba da son ransu suka tafi ba, ta hannun masu sarauta aka tara su, shi ya sa gudu ya yi yawa.

Saboda haka muka ƙara wata kujera a kowane ɓangare bayan ta kwamanda, kujerar heluma. Shi ke motsa ayari, kuma makinsa daban ne: yawan mutanen da ya mayar gida da rai. Kwamanda yana son kaya su iso gobe, heluma yana son a kwana a bakin rafi. Idan mazauni ya yi zagaye biyu a jere da rabin abinci, heluma yana da ikon cewa mutanensa sun ajiye kaya sun gudu cikin dare, kuma a lissafa masa rabinsu a matsayin waɗanda suka tsira. Ni a ganina ita ce kujerar da ta fi kowace daɗin zama, kuma mun sha ganin kwamanda ya ci gari, heluman ɗaya ɓangaren ya ci wasa.

11. Daga taswira zuwa tebur

Idan rundunoni biyu suka haɗu a zango ɗaya, alƙali ya shimfiɗa tebur. Filawud mai ƙafa 6 da 4 a kan benci biyu ya isa, a rufa masa bargo mai launin ƙasa, a cusa littattafai a ƙarƙashi su zama tudu. In za ka sassaƙa dutse da farin soson kwalin firji, shafa masa farin gam tukuna, domin fentin feshi da sufa gulu duk narkar da shi suke yi.

Abin da ke kan taswira shi kaɗai ke hawa tebur, da raunukansa da yunwarsa. Kamfanin da ya ci rabin abinci a rage masa ɗaya a kowace jifa. Ayarin da ke tare da shi dole a jera shi a kan hanya da tsawonsa. 'Yan dako ba sa harbi. Idan wuta ta same su a jefa ƙwaya: 1 zuwa 3 sun zubar da kaya sun watse, 4 da 5 sun kwanta a inda suke, 6 sun ci gaba. Kayan da aka zubar a bar ƙwallayensa a wurin, wanda ya riƙe filin ya kwashe. Ga masu yin Bama, a sa fili ɗaya da 'yan dako za su share da adda kafin jirgi ya jefo kaya, kuma a ba su aikin fasa hanya, kamar yadda runduna ta 81 ta fasa hanyar jif mai tsawon wajen mil 75 zuwa Kaladan.

Kada faɗa ɗaya ya wuce awa biyu. Mutanen da suka taso daga Ajah ko Ikorodu sai sun lissafa cunkoson komawa, kuma a tsara zama yadda za a tashi sallah ba tare da an bar zagaye a rabi ba.

12. Littafi da ajiya

Yaƙi ɗaya yakan ɗauke mu zama shida zuwa takwas, wato kusan wata biyu idan ana haɗuwa duk Lahadi. Alƙali ya riƙe littafi mai bango mai tauri. A ƙarshen kowane zama ya rubuta lambar zagaye, inda kowane mazauni yake, mutum nawa suka rage masa, da ƙwallo nawa ke kowane rumbu. Ya ɗauki hoton taswirarsa, amma kada ya tura shi zauren WhatsApp na ƙungiya, kowane ɓangare a tura masa nasa shi kaɗai. Ƙwallayen kowane rumbu a ƙulle su a leda daban da sunan zangon a jiki.

Mutum-mutumin kuwa, manna fallen mayen ƙarfe a gindin gwangwanin biskit ka jera mazaunai a tsaye, washa za ta kama. Jefa 'yan ƙunshin shanye laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi guda biyu ko uku, ka rufe ruf, domin kyankyaso yana cin farin gam da tishu. Kada ka ajiye gwangwanin a ƙarƙashin kwanon rufi ko a bayan gilashin mota, zafi yana mayar da hannun da ka lanƙwasa inda yake da. In za ka shiga danfo da shi, riƙe shi a kan cinya a kwance, kuma ka tafi da ƙaramin sufa gulu da guntun waya a aljihu, domin da wuya a isa ba buhu ɗaya ya faɗo daga kan wani ba.